Turke na Tara

Litinin, 19 ga Janairu, bayan azahar

Meruert ta ba ni littafi biyu. Ɗaya na awo, wanda zan riƙa miƙa mata kullum. Ɗayan wai in ajiye ko na farkon ya jiƙe. Ba zai jiƙe ba. Shekara sittin ina yawo a kan ƙanƙarar tekun nan, ko ashana ban taɓa jiƙawa ba. Don haka wannan nawa ne, in rubuta abin da na ga dama. Aji uku na yi babanmu ya cire ni ya kai ni kamun kifi. Wanda ya kasa karanta hannuna ya ajiye.

Mu biyar ne a ɗan tsibirin nan, cikin kwantena uku, kilomita sha shida daga ƙauyenmu. Meruert ce mai ilimin ƙanƙara, dakta ake ce mata, sa'ar 'yata ce. Arkadi shi ne babba, masu man fetur suka aiko shi. Gulsim 'yar ƙauyenmu tana dafa abinci. Sai Nurtas, mijin 'yata Akmaral, shi ke tuƙa motar sarƙa, mai sarƙa a madadin tayoyi. Ba ni na nema masa aikin ba, ba shi ya nema mini ba, kowa ya sani.

Za su binne bututu a ƙasan teku daga rijiyoyinsu zuwa gaɓa. Suna so su san kaurin ƙanƙara, da zurfin da take kartar ƙasa in iska ta tara ta ta tura. Sun kafa turke goma sha biyu kewaye da tsibirin. Aikina in zaga kowace safiya, in huda, in zura sandar awo, in rubuta lamba.

Na ce wa Arkadi a matsar da turke na tara taku ɗari biyu zuwa gabas. Ya ce don me. Na ce haka nan. Ya ce, "Kaka, tauraron ɗan'adam ne ya zaɓi wurin. Je ka yi masa magana." Ya nuna sama da cokali.

Ban gaya masa dalili ba. Ni ba na gaya wa mai nuna sama da cokali dalili.

Laraba, 21 ga Janairu, da yamma

Na zaga. Da na wuce turke na takwas na tsaya inda na saba tsayawa shekara talatin da takwas, inda tsohuwar fitilar jiragen ruwa ke daidaita da hancin tsibiri. Na yi wa ƙanena Jaksilik fatiha, na shafa. Na rubuta santimita sha huɗu a na tara. Ba sai na ɗora takalmina a wurin ba kafin in san kaurinsa. Ruwan kogi ke bi ta ƙarƙashi yana lasar ƙanƙarar daga ciki, tun ba a ƙera tauraronsu ba.

Meruert, da ke ce mini Ata, wato baba tsoho a harshenmu, ta duba ta ce, "Ata, na takwas arba'in da ɗaya, na goma arba'in da uku. Ya za a yi na tsakiya ya zama sha huɗu?"

Arkadi ya leƙo ya ce, "A kife ya riƙe sandar. Kaka, lambobin nan ƙafafunsu ƙasa suke kallo."

Nurtas ya yi dariya. Surukina, a gabana, da burodi a bakinsa. Gulsim ba ta yi ba.

Meruert ta ce gobe in sake aunawa a hankali. Da ladabi ta faɗa, shi ya fi ciwo. Ita kullum tana yamma wajen manyan tulin ƙanƙara da injin hudarta, ba ta da lokacin zuwa turakuna.

Alhamis, 22 ga Janairu, da yamma

Na takwas arba'in da biyu. Na tara, na rubuta arba'in da biyu. Yau babu wanda ya yi dariya.

Asabar, 24 ga Janairu, da la'asar

Na yanko iwa, doguwar ciyawar bakin ruwa, a bakin tsibiri na kafa ta gefen da ake fuskantar na tara, bibbiyu a giciye, har wuri shida. Ɗan shekara biyar a ƙauyenmu ya san wannan: iwa ɗaya a tsaye hanya ce, biyu a giciye ka juya. Na yi nawa. Ballantana hanyar mota ta yamma take, babu abin da zai kai ta can.

An kawo rago daga gaɓa. Gulsim ta dafa, ta ajiye wa Nurtas ƙirji, rabon suruki. Na ce, "Ci, ɗan tudu. Wannan dai ba shi da ƙaya." Don har yau in ya ci kifi sai an bubbuga masa baya. Ya ce, "Ata, ni mutumin dawaki ne, a garinmu ruwa a rijiya yake zama, ba ya bin mutane." Gulsim ta kira sunana ta ce, "Oteke, ka bar yaro ya ci. Shekara tara yana haƙuri da 'yarka, ita kuwa halinka ta ɗauko."

Shekara tara da ya kai ta birni. Sau huɗu suka zo gida. Na ƙirga.

Talata, 27 ga Janairu, da safe

Iska ta juya daga teku. Ruwa ya hau cikin ramuka yatsa uku. Na gaya wa Arkadi ƙanƙarar yamma za ta tsage. Ya ce na'ura ba ta ce ba.

Laraba, 28 ga Janairu, da azahar

Ta tsage. Daga hancin tsibiri har iya ganin ido, faɗin kamu biyu. Injin Meruert na can wajen tuli, hanyar yamma ta yanke. Arkadi bai dube ni ba. Na sha shayi kwano huɗu a gabansa, a hankali.

Na tara, na rubuta arba'in da biyar.

Alhamis, 29 ga Janairu, bayan la'asar

Ina turke na biyu, can ɗaya ɓangaren, na ji ƙarar. Na san wannan ƙarar. Sau ɗaya na taɓa jin ta, ba a mantawa.

Ba su gaya mini za su fita ba. Da sun gaya mini. Meruert ta buɗe littafi ta nemi wata hanyar da za su zaga su ɗauko injinta, ta ja layi da fensir, suka tafi. Ba wanda ya ce a kira tsoho.

Motar ta tafi ƙasan ruwa, dab da turke na tara. Ita Meruert ta yi tsalle tun gaban motar na nutsewa. Nurtas ya fita ta rufi, ya faɗa ruwa har wuya. Ta jefa masa igiya, ta kwanta rub da ciki ta ja shi. Yarinya ce mai ƙarfi, ban zata ba. Daga nan suka tako kilomita biyu, takalmansa cike da ruwa, cikin wannan iskar.

Sai da muka yanke takalman da wuƙata. Ƙafafun fari fat, kamar kitsen da ya kwana a waje. Gulsim ta kawo man agwagwa za ta murza, likita a oba-oba ya ce kada a murza, a sa a ruwan ɗumi. Da jini ya fara dawowa ya yi ihu yana kiran uwarsa. Na fita waje.

Ba ni na kafa turken ba.

Juma'a, 30 ga Janairu, da hantsi

Hazo ya sauka. Daga ƙofarmu ba a ganin ƙofar kicin. Jirgi mai saukar ungulu ba zai taso ba, wai fikafikansa za su daskare. Sun ce gobe.

Arkadi ya tara mu. Ya ce littafi ya nuna arba'in da biyar, arba'in da biyar kuwa tana ɗaukar mota biyu irin tamu, amma ta fashe. Ke nan ƙanƙarar bana ruɓaɓɓiya ce daga ciki, kauri kawai babu ƙarfi. Ya kira manyansa a gaɓa suka ce haka ne. Daga yau ba mai taka teku, ko taku ɗaya, sai jirgi ya zo. Ya ɗauki makullin babur ɗin ƙanƙara ya rataya a wuyansa.

Meruert ta ce, "Amma guntayen da na gwada a injin matsi duk masu ƙarfi ne." Ya ce, "To je ki gaya wa motar."

Na ce ƙanƙarar lafiyarta ƙalau. Ya ce, "Kaka, don Allah, ba yau ba."

To. Ba yau ba. Shi ya faɗa.

Asabar, 31 ga Janairu, da safe

Hazo. Sun ce gobe.

Asabar, da la'asar

Taku goma sha ɗaya daga gadona zuwa kicin. Taku tara zuwa makewayi. Tsibirin duka taku ɗari uku da arba'in. Na zaga shi sau shida, ga teku ta kowane gefe shimfiɗe lafiya lau, an hana ni takawa. Ni. Wai Arkadin da ko igiya bai iya ƙullawa ba ne ya hana ni.

Lahadi, 1 ga Fabrairu, bayan azahar

Ƙafar dama ta yi ja ta kumbura, likita ya ce wannan alheri ne. Ta hagu ta yi bororo, ruwan cikinsu baƙi. Likita ya ce akwai maganin da ake sawa ta jijiya, amma a asibiti yake, kuma kowace rana tana da muhimmanci. Sau biyu ya faɗi haka.

Akmaral ta samu layi. Ta yi magana da mijinta, sannan ta ce a ba ni. Ta ce, "Baba, kai da ka san tekun nan kamar tsakar gidanka, ba za ka fito mini da shi ba?" Na ce an hana. Ta ce, "Yaushe ka fara jin an hana?"

Ni ke zama da shi da rana, don Gulsim na kicin. Ina ba shi romon kifi da cokali, na tace ƙayar. Ya ce, "Ata, na ga iwarka fa."

Na ce wace iwa.

Ya ce, "Bibbiyu, a jere. Na ce wa dakta, kin gani, Ata ya sa mana alamar hanya. Har na ji daɗi. Na ce ashe tsohon nan yana tunanina."

Na ce ya yi shiru ya sha romo.

Shekara tara yana auren 'yar masunta bai taɓa tambayar mene ne iwa biyu ba. Laifin wa ke nan? Da sun riƙa zuwa gida da ya sani. Sau huɗu.

Litinin, 2 ga Fabrairu, da safe

Hazo. Sun ce wataƙila Laraba.

Litinin, bayan la'asar

Na shiga kicin ba kowa sai Gulsim. Ta zuba mini shayi ta cika kwanon har baki, kamar yadda ake wa baƙon da ake so ya sha ya tashi. Shekara hamsin da sanina da ita, kullum ɗan kaɗan take zuba mini a gindin kwano, in sha ta ƙara. Na dubi kwanon, na dube ta.

Ta ce, "Oteke, turken nan na tara. Ba kan Jaksilik yake ba?"

Na ce ban san abin da take faɗa ba.

Ta ce, "Ina bakin gaɓa ranar da ka dawo kai kaɗai da bulalar dokinsa a hannu. Na ji uwarku ta sa ka rantse ba za ka taka inda yake kwance ba. Duk ƙauye ya ji. Kai da ko kabarin baƙo ba ka tsallakewa, ka je kana huda kan ƙanenka kullum safiya? Gaya wa wani."

Na ce na rubuta musu gaskiya ranar farko suka yi mini dariya. Tana wurin, ta gani.

Ta ce, "Na gani. Sun yi dariya. To yanzu an rama? Yatsu nawa dariyar take ci?"

Na ce ta yi harkar tukunyarta.

Ta ce, "Ni ba zan faɗa ba, ba bakina ba ne. Sha ka tashi, ina da aiki."

Ban sha ba. Na bar mata shi a cike.

Talata, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Yatsu uku na hagu sun fara duhu, kamar busasshen inabi. Ɗakin ya fara wari, ba mai faɗa.

Na sami Arkadi na ce ya ba ni babur da amalanken ja, in kai yaron gaɓa kafin la'asar. Ya ce, "Da wace hujja? Lambobinka ne suka ce arba'in da biyar. In awo ya yi ƙarya a wuri ɗaya, zai yi a ko'ina. In na bari kuka nutse ku biyu, me zan ce wa 'yarka?" Idanunsa sun yi ja, shi ma ba ya barci. Ban ce mugu ba ne. Cewa na yi ba ya jin magana.

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sai na tuna cokalin.

Talata, da la'asar

Meruert ta daina cin abinci. Tana zaune da takardu tana ta maimaita lissafi ɗaya, ta goge ta sake. Ta ce mini, "Ata, shekara goma sha ɗaya ina karatun ƙanƙara. In arba'in da biyar za ta iya fashewa haka, to duk abin da na rubuta wa masu bututu banza ne, kuma ni na ja layin, ni na sa shi ya bi." Ta rubuta takarda zuwa manyansu cewa kuskurenta ne. Ta karanta mini wai in ji ko ta faɗi daidai game da aikina. A ciki ta ce mai awo ya yi aikinsa da amana.

Na ce da kyau.

Ba ni na kafa turken ba. Na ce a matsar. Na rubuta sha huɗu. Na sa iwa.

Na rubuta wannan sau uku yau a bayan littafi, ko sau ɗaya bai zauna daidai ba.

Laraba, 4 ga Fabrairu, da safe

Hazo. Jirgi ba zai zo ba. Sun ce Asabar.

Laraba, bayan azahar

Na yi.

Da sassafe ina canza wa Nurtas tsumma, zazzaɓi ya kama shi. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ata, in sun yanke ƙafar, kada ka bari Akmaral ta gani kafin a rufe. Ka san ta, ko yankan kaza ba ta iya kallo." Ya ce kuma in yafe masa dariyar da ya yi ranar nan, ta dame shi.

Shi ke neman yafiya. Ɗan tudu mai shaƙewa da ƙaya.

Na ɗauki littafin awo na shiga kicin, suna karyawa. Na ajiye shi a kan burodin Arkadi. Na ce, "Turke goma sha ɗaya na auna su da hannuna kowace safiya. Na tara ban taɓa zuwa ba. Ko sau ɗaya. Lambar na takwas nake kwafa."

Gulsim ta juya wajen tukunya.

Meruert ta ce, "Sha huɗun fa?"

Na ce daga kaina ta fito, kuma ita ce gaskiya. Na gaya musu kogin da ke bi ta ƙasa. Na gaya musu Jaksilik, da doki, da amalanke cike da kifi, da yadda ina taku ashirin a bayansa. Ban taɓa faɗa wa baƙo ba. Ba a samu gawarsa ba, nan ne kabarinsa.

Arkadi ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya ce, "Kwana shida! Kwana shida kana kallon ƙafar yaron nan! Me ya hana ka faɗa tun ranar farko cewa kabari ne?"

Na ce, "Ka tambaye ni?"

Ya ce, "Na tambaye ka! Na ce don me, ka ce haka nan!"

Gaskiyarsa. Ya tambaya. Na so in ce cokalin, amma da na zo faɗa sai na ji ƙanƙantarsa a bakina.

Meruert ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi. Ta yage takardarta gida biyu, ta sa riga, ta ce, "Tashi, Ata. Ɗauko dagi." Arkadi ya ce an hana. Ta ce, "To ka rubuta na ƙi ji." Muka tafi na ɗaya, na huɗu, na takwas, na sha ɗaya, igiya a ƙugunmu. Ita ta huda, ita ta auna, ta duba littafina. Duk sun zo daidai, na huɗu ma ya ƙaru da biyu. A hanyar dawowa ba ta ce mini Ata ba.

Arkadi ya daɗe a oba-oba yana ihu da manyansa. Ya fito ya cire makullin daga wuyansa. Bai ba ni ba, Meruert ya ba. Rana ta yi nisa yau, sai gobe da fitowarta.

Alhamis, 5 ga Fabrairu, bayan la'asar, a ƙauye

Mun naɗe shi da bargo huɗu da fatar tunkiya a kan amalanke. Meruert ke tuƙi, ni a bayanta da dagi. Ba a ganin taku goma. Tana da na'urar da ke nuna gabas da yamma, amma ba ta nuna inda ruwa ke jira. Duk inda launin ƙanƙara ya canza in taɓa kafaɗarta, in sauka, in yi gaba ina soka dagi. Mai kyau tana amsawa da babbar murya har cikin gwiwar hannu. Marar kyau tana yi kamar fasasshiyar tukunya. Sau biyu na juya mu. Wuri ɗaya tsaga ce, muka bi gefenta kusan kilomita kafin ta haɗe.

Sau talatin da ɗaya na sauka. Gwiwoyina sun ƙirga.

A tsakiya Nurtas ya leƙo daga bargo ya ce, "Ata, in ka ga iwa, gaya mini guda nawa ce." Yana zazzaɓi yana tsokana. Gulsim ta riga ta gaya masa komai jiya, na gani a idonsa. Na ce ya rufe baki kada haƙoransa su daskare.

Awa biyar. Motar asibiti na jira a bakin gaɓa, Akmaral a ciki. Ta wuce ni kamar turke.

Asabar, 7 ga Fabrairu, da azahar, a asibitin Atirau

Ƙafar ta tsira. Yatsu uku ba za su tsira ba, sai sun gama bushewa za a cire. Likita ya ce da an kawo shi Asabar ɗin da ta wuce, ko Lahadi, da wataƙila ba a rasa ko ɗaya ba. Bai san da wa yake magana ba.

Aji uku na yi, amma wannan lissafin na iya shi.

Akmaral ta same ni a benci a waje. Ta ce, "Baba, ba don Kawu Jaksilik nake fushi ba, da ni ce ni ma ba zan taka ba. Don kwana shidan ne." Na ce sun yi mini dariya. Ta ce, "Na ji. Har yanzu ita kake riƙe da ita?" Ta koma ciki.

Da zan tafi ta aiko mai shara ta ba ni ƙullin soyayyen burodi, ba saƙo.

Yau rana ta fito tar. Jirgin ya je tsibiri ya kwaso takardu.

Talata, 10 ga Fabrairu, bayan azahar, a tsibiri

Na dawo ɗaukar kayana. An sallame ni, daidai ne, ni ma da na sallami kaina. Arkadi ya miƙo hannu, na ba shi. Ya ce ya rubuta a rahotonsa cewa an gaya masa a matsar da turke ya ƙi. Na ce bai rubuta cokalin ba. Ya ce wane cokali. Ko tunawa bai yi ba. Sati uku ina ɗauke da abu, mai shi bai san ya yar ba.

Gulsim ta zuba mini shayi rabin kwano. Ba kaɗan ba, ba cike ba.

Meruert ta ce za a kauce da bututun, an zana kogin ƙasan a taswira. Amma tana bukatar lamba ta gaskiya daga na tara, ko ɗaya, ita za ta je da tsani, ta shimfiɗa shi a kan ƙanƙarar ta kwanta a kai. Na ce ba za ta je ba. Ba baƙo ne zai huda kan ƙanena ba.

Turken na nan tsaye, taku talatin daga inda motar ta shiga. Iwata ma na nan, bibbiyu. Na tsaya inda na saba, na yi fatiha. Na ce, "Jaksilik, ni ne. Ka gaya wa Inna ba takawa zan yi ba, rarrafe zan yi." Na kwanta a kan tsani, Meruert ta riƙe igiya, na ja jiki kamar jariri. Ƙanƙarar baƙa ce, ana ganin ruwa na gudu a ƙarƙashi, da sauri, kamar yana da inda za shi. Shekara talatin da takwas ban zo kusa haka ba. Ban ga komai ba sai ruwa. Sara uku dagi ya wuce.

Da na dawo ta miƙo mini littafin awo da fensir. Ta ce, "Rubuta da hannunka, Ata."

Na ce mata ranar farko da santimita ɗaya kawai na kuskure, ta shaida. Ta ce ta shaida. Na jira in ji daɗin hakan, bai zo ba.

Na tara: sha biyar. Na auna.